Ganuwar Kufena Tana Komawa Tubali

Tun ina ɗan makaranta nake hawan Dutsen Kufena, wanda ke yamma da birnin Zariya. In mutum ya kai bisa, zai hangi Wusasa a gindinsa, da tsohon cocin ƙasa da 'yan mishan suka gina a 1929, ga kuma ƙauyukan manoma da rugagen Fulani har iyakar gani. Amma abin da kakana ya fi nuna mini shi ne wani dogon tudu da ya kewaye dutsen. Ya ce ganuwa ce ta mutanen da suka taso daga Turunku, tun Zariya ba ta zama birni ba.

Bara da kaka na koma tare da ɗana, sai da na sha dube-dube kafin in gane ta. Wani wuri garma ta baje ta an shuka dawa. Can gaba na tarar da wani saurayi yana haƙarta yana buga tubali. Na ce, "Samari, ka san abin da kake rushewa kuwa?" Ya ce, "Baba, ai jar ƙasa ce mai kyau."

Na kasa yi masa faɗa, gama ɗakin amarya yake ginawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ɗana dai ya tsinci wani tsingaro mai zane a cikin ramin, ya jefa aljihu.