Sabuwa Biyu Ko Beljiyam Huɗu?



A labaran da muke rubutawa, taya ba ta fitowa sai ranar da za ta yi kisa. Idan marubuci ya gaji da iyayen jaruma, yana so ta zama marainiya kafin babi na uku, sai ya ɗora su a mota su kama hanyar Kano, taya ta yi bindiga, shi ke nan. Ba a faɗa mana wace irin taya ce ba, shekarunta nawa, wa ya saye ta, me ya sa ita ya zaɓa. Alhali a wajen sayen nan labarin yake, don a nan ne mutum ke tsayawa da kuɗin da ba su isa ba, yana auna lafiyar iyalinsa da abin da ke aljihunsa. Mu mun yi irin wannan tsayuwar a watan Maris na 2025, kuma har gobe ba a gama musu a kanta a gidanmu ba.

Motar tamu Golf 3 ce, irin mai guntun bayan nan da ake ɗaga ƙofar but ɗinta haɗe da gilashi, ƙirar shekarun 1990, mai ƙaramin inji. Mu uku 'yan ɗaki ɗaya muka haɗa kuɗi muka saye ta. Tana kwana a Birnin Kudu, amma babban aikinta a ƙasar Gwaram yake. Duk wata sai ta je ƙauyenmu ta ɗauko Inna zuwa ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ta mayar da ita. Da kaka kuma takan kai buhun riɗi ko gero kasuwar Sara. Wato rabin tafiyarta kwalta ce, a kan titin da ya wuce Gwaram da Basirka ya faɗa jihar Bauchi, inda ake gudu kafaɗa da kafaɗa da manyan motoci. Sauran rabin burji ne da tsakuwa mai kaifi da yashi da ƙaya, sannan da kututturen dawa in an ratsa gefen gona.

Biyu daga cikin tayoyinta ne suka fara tsattsagewa a gefe, irin tsagar da ƙafa ke yi da hunturu. Muka tattara abin da muke da shi. Da aka yi lissafi, kuɗin zai sayi sabuwar taya biyu masu matsakaicin suna, ko kuma 'yan Beljiyam huɗu, wato na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda wasu ke kira 'yan Kwatano.

Yayanmu yana bayan Beljiyam, kuma hujjarsa ba ta raini ba ce. Ya ce taya huɗu iri ɗaya, na kamfanin da duniya ta sani, sun fi biyu sababbi da ba a san asalinsu ba. Ya ce je ka tasha ka tambayi direbobin da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram sau uku a rana, da yawansu za su ce maka Beljiyam mai kyau ta fi sabuwa mai arha ƙarko. Mutanen nan kuwa ba a littafi suka karanta ba, a kan hanya suka koya. Akwai ma abin da ke ƙarfafa maganarsu. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa wata cikin wata, uku ko huɗu a cikin guda, don a rage kuɗin kwantena da na kwastan. Tayar da aka lanƙwasa aka danna haka, wayar da ke bakinta ta riga ta ji jiki tun ba ta taɓa kwalta ba. Don haka kalmar "sabuwa" ita kaɗai ba ta wanke taya.

Yana da kyau a san yadda aka yi muka tsinci kanmu a wannan tsaka mai wuyar. A da ana yin taya a ƙasar nan. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, ta rufe a 2007. Dunlop da ke Ikeja ta daina yi a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar da ƙaramar mota ke takawa daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta, kuma da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023 sai farashi ya tashi da ita. Tayar hannu kuma tana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su, amma ga ta nan tsibi-tsibi a bakin titi kowa na gani. Mai ƙaramin ƙarfi bai zaɓi Beljiyam don rashin hankali ba.

Mun bi ta Kwanar Huguma da Wudil muka shiga Kano, mu da Yaya, muka tsaya a wani shago. Mai shagon ya mirgino mana guda huɗu, baƙaƙe wuluk, sun sha mai suna ƙyalli, haƙoransu zaƙo-zaƙo. Ya ce, "Alhaji, duba nan, ko wata shida ba su yi a ƙasa ba. Bature ne kawai da almubazzaranci." Yaya ya sa yatsa cikin zanen, yatsan ya nutse, ya dube mu yana murmushi.

To amma taya tana da rubutu a jikinta, kuma rubutun ya fi zanen faɗar gaskiya. A gefenta akwai layin da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu, yawanci cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. A jikin waɗannan an rubuta 3715, wato mako na 37 na shekarar 2015. Shekara tara da rabi ke nan. Roba tana tsufa ko ana hawa ko tana ajiye a ɗaki, tana bushewa ta ciki, manne tsakaninta da wayoyin da ke riƙe da ita yana saki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha nanata cewa taya shekara huɗu gare ta daga ranar da aka yi ta. Kamfanonin taya sun fi sassauci: Michelin, alal misali, cewa take in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da tana da kyan gani. Ko da wane ma'aunin aka bi, waɗannan huɗun sun zo bakin gaɓa.

Akwai kuma wata alama da ta fi lambar tayar mana da hankali. Kusa da haruffan M+S an zana ɗan dutse mai ƙololuwa uku, da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Tayar hunturun Turai ce. A Jamus doka ce a sa irinta idan ƙanƙara ta rufe hanya, kuma an haɗa robarta da laushi ne don kada ta daskare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Zanen nan mai zurfi da ya burge Yaya, da ƙananan tsaga-tsagan da ke kansa kamar an bi shi da reza, duk don cizon ƙanƙara aka yi su. Yanzu a ɗauki wannan robar a ɗora ta kan kwaltar Gwaram da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa kansa ke haura digiri 40. Za ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Mun nuna wa mai shagon. Bai musa ba, ya ce, "Malam, ai mu abin da ya zo shi muke sayarwa. Mutane zane suke tambaya." Gaskiyarsa ce.

Da muka koma ɓangaren sababbi sai wani musun ya taso, na girma. A jikin tayar da motar ta zo da ita an rubuta 175/70 R13 82T. Ga abin da ake nufi: faɗinta milimita 175 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 122 da rabi, rim ɗinta kuma inci 13. Ƙaninmu, wanda bai zo ba amma wayarsa ba ta bar mu mun huta ba, so yake a sauya rim a koma 195/50 R15, irin mai faɗin nan da samari ke sa wa Golf ta zauna daram kamar kwaɗo. Tsayin tayoyin biyu daga ƙasa zuwa sama kusan ɗaya ne, don haka za ta shiga. Bambancin yana gefe: na inci 15 gefenta milimita 97 da rabi ne, ta rasa milimita 25 na roba da iska. Wannan santimita biyu da rabin shi ne katifar da ke tsakanin rim da bakin rami. A titin Abuja ba za a ji rashinsa ba. A hanyar ƙauyenmu, rami ɗaya da aka faɗa da gudu ya isa ya matse gefen tayar a jikin rim, ta yi ƙulu, kuma tayar da ta yi ƙulu a gefe ba ta da faci, sai jefarwa. Ga Inna da ciwon baya, kowace girgiza a jikinta take ƙarewa. Muka ce masa ya yi haƙuri, kwalliya sai ya sayi tasa.

Lambar 82 ɗin nan kuwa ita ce ba a cika kulawa da ita ba. Tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 475, in iskarta ta cika daidai. Biyun baya ke nan kilo 950, a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Mota mai guntun baya but ɗinta a kan ƙafafun baya yake zaune. A zuba buhu uku na kilo ɗari-ɗari, a jera mutum huɗu a kujerar baya kamar yadda ake yi ranar kasuwa, an kai tayar iyakarta ko an wuce. Harafin T na nufin ta jure gudun kilomita 190 a awa, abin da motarmu ko a mafarki ba ta yi, don haka bai dame mu ba. Nauyin ne abin dubawa, kada a karɓi wadda lambarta ta gaza 82 don an rage wani abu a kuɗin.

Sababbi biyu muka saya a ƙarshe. Ba za mu faɗi sunan kamfanin ba, ba talla muka zo yi ba. Lambar jikinsu 4124, watansu biyar da fitowa. Mun sa an juya mana kowacce a ƙasa, mun bi bakinta da hannu ko za mu ji lanƙwasa ko tattarewa, mun leƙa cikinta da fitilar waya. Yaya bai ce uffan ba har muka wuce Wudil. Can ya ce, "Kun sayi biyu da kuɗin huɗu, Allah ya sa alheri." Muka ce amin.

A Birnin Kudu muka kai wa dattijon da ke mana faci ya ɗaura. Ya ɗauki jak zai nufi gaba, muka ce, "Baba, a baya za a sa su." Ya ajiye jak ɗin ya dube mu. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, sabuwa gaba take zuwa, don gaba ke jan Golf, gaba ke da sitiyari, in ta gaba ta fashe sai abin da Allah ya yi. Ba mu raina wannan ba, tsoron fashewar gaba tsoro ne na gaske. Sai dai kamfanonin taya da kansu shawararsu ita ce, in biyu za a sauya, sababbin su tafi baya, ko da motar da gaba take ja. Dalilinsu shi ne idan gaba ta sulɓe a kan ruwa, direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa daga totur mota ta dawo hanya. Idan baya ce ta sulɓe, motar juyawa take yi ta dubi inda ta fito, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. Mu kuma ga ƙarin dalili, lodinmu a baya yake. Biyun da suka rage mana lambarsu 1922, ba tsaga, zanensu bai kusa ɗan tudun da ke cikin kwarin taya ba, wanda in an suɗe an kai gare shi saura milimita 1.6 ke nan. Su muka mayar gaba. Baba ya ce, "To, motarku ce," ya ɗaura.

Wajen iska ma sai da aka ɗan ja. Gejinsa ya saba da 40 zuwa sama, don a ganinsa taya mai tauri ita ke jure lodi, ga kuma wata babbar lamba a jikin tayar da yake nunawa. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motar ke so yana kan 'yar takardar da ke manne a cikin murfin tankin mai, kuma bai yi nisa da 30 ba in ba kaya, ana ƙara wa na baya idan an yi lodi. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ke cinyewa, mota ta riƙa tsalle a burji. In ta yi kaɗan kuma gefen ke ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi, kuma wannan ne ke kawo bindigar da muke rubutawa a labarai. Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya, don tayar da ta sha hanya gejinta kan hau.

Damina ɗaya ta wuce a kansu, faci ɗaya aka yi, ƙusa ce a bakin kasuwa. Yaya ya ce wannan ba hujja ba ce, wani abokinsa na kan Beljiyam shekara biyu ko faci bai yi ba, kuma mun yarda damina ɗaya ba ta raba gardama. Biyun gaba za su cika shekara huɗu a watan Mayun 2026. Mun ware buhu biyu na riɗin bana saboda su, Yaya kuma ya riga ya ce wannan karon shi zai je Kano, shi kaɗai. Mun rubuta masa 175/70 R13 82T a takarda, da wurin da zai duba lamba huɗun nan, mun sa a aljihun motar.