Hawan Tsaunin Mambila a Kan Keke: Tafiyar Matasan Tambuwal da Kebbe

Ƙasar Tambuwal da Kebbe shimfiɗaɗɗiya ce, ta rairayi da jar tsakuwa da fadamun shinkafa, saboda haka mahayin keken da ya tashi a can bai san wani hawa ba in ban da ɗan tudun da ake haurawa ba tare da an ɗaga daga sirdi ba. Wannan ne ya sa ayarin matasan garuruwan biyu, waɗanda suka saba bin titin Sakkwato zuwa Jega, suka ɗaure kekunansu a mota suka nufi Jihar Taraba domin su gwada ƙafarsu a tsaunin Mambila, wanda doronsa ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku.

Daga gida zuwa Jalingo da Bali babu abin faɗi sai gajiya. A Serti, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, suka faɗa wani masauki mai kuɗin cizo wanda ko ruwan alwala babu, kuma mai wurin ya nemi kuɗinsa tun kafin ya amsa sallama, abin da Batambuwale ke ɗauka babban abin kunya, domin a gida sai baƙo ya sha ruwa da fura kafin a tambaye shi daga ina.

Ainihin hawan yana farawa ne daga Mayo Selbe, a gindin tsaunin, inda hanya ke naɗe jikin dutse kamar rawani, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. A nan ne amfanin giya ya bayyana, wato jerin haƙoran da sarƙar keke ke sauyawa a kansu domin feda ta yi sauƙi ko da gudu ya ragu. Waɗanda kekunansu ba su da ita kuwa turawa suka yi mafi yawan hanya. Ayarin ya watse tun kafin hantsi, amma jagoransu ya kafe cewa na gaba su jira na baya a kowace babbar kwana, kuma wannan hukunci daidai ne, domin manyan motoci na gangarowa da kaya, ga wuraren da zaftarewar ƙasa ta cinye gefen kwalta.

Da suka kai Maisamari sai duniya ta sauya: tuddai lulluɓe da ciyawa, itatuwan turare a jere, hazo mai jiƙa riga, da garkunan shanun da ke walawa saboda sanyi ya hana ƙudan tsando sakat. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato sun yi azahar suna rawar ɗari.

A Nguroje wani dattijo Bafulatani ya sauke su, ya hura musu wuta, ya kawo shayin da ake nomawa a Kakara, kuma da ya ji daga inda suka fito sai ya ce, "Ashe 'ya'yana ne daga ƙasar Sardauna, ai gida kuka zo." Maganarsa tana da tushe, domin a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi shiga Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello, kuma har yau ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu sunan take ɗauke da shi. Tuwon masarar gidan bai riƙe musu ciki kamar na gero ba, amma karamcinsa bai gaza na gida da komai ba.

Dawowa a mota aka yi, domin birkin yawancin kekunan ba zai iya da gangaren ba. Duk ayarin da zai bi sawunsu, ya zo da rani, ya gyara birkinsa, ya kuma taho da rigar sanyi.