Zuwa ga Auta, Kafin Ruwan Agusta

Auta,

Mu nan Kura lafiya lau, an gama dashen shinkafa.

Ranar da na zo muku barka a Bunkure na ga buhunan shinkafarku jibge a ƙasa, gindin katangar gabas kuma duk ya zaizaye. Ban tanka ba don surukarki na zaune, amma abin ya hana ni barci.

Ina amarya dam ɗin Bagauda ya ɓalle, a watan Agusta na 1988. A 2001 ma, cikin Agustan dai, dam ɗin Tiga da na Challawa suka cika aka sako ruwa, ya yi ɓarna har ƙasar Jigawa. Waɗanda na sani da abin ya shafa, hatsi da takardu suka fi kuka a kai. Kuma ba sai dam ya ɓalle ba, 'yata. Ruwan kwana biyu ya isa ya kwantar da ginin ƙasa, sau da yawa cikin dare, ana barci.

Ki lallaɓi maigidan ya yaɓe katangar nan, ya yashe kwata, ya ɗora buhunan kan katako. Katin ɗan ƙasa, takardar gona da katin rigakafin yara, ki ƙulle su a leda, ki sa a jaka ɗaya da tocila da ashana da ɗan kuɗi, ki rataye kusa da ƙofa. Kada waya ta kwana ba caji. Ku yi magana tun yanzu: wa zai ɗauki wane yaro, gidan wa za ku nufa a kan tudu. Don Allah kada ku tsallaka kanal da dare, ko da kun san hanya.

Bayan ruwa ya janye na fi jin tsoro. Masai kan tumbatsa ya shiga rijiya, sai amai da gudawa. Ki tafasa ruwan sha. In yaro ya fara zawo, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita 1, kina ba shi kuna hanyar asibiti.

Allah ya tsare mana ku. Zan aiko da daddawa da kuka ranar kasuwa, ki faɗa wa ɗan aiken ko an yaɓe katangar. Ki gaida surukarki.

Innarki