Wa Ke Duba Mai Taimako?

Na daɗe a kwamitin unguwarmu mai kula da masu buƙata ta musamman, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke jin nauyin yi wa mai bayarwa tambaya. Da mutum ya ce taimako ya kawo, sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum, wai kada a ce mun yi butulci.

Wata ƙungiya ta taɓa kawo mana kekunan guragu irin na asibiti, masu ƙananan tayoyi a gaba. Aka jera mutane a rana tun hantsi ana jiran babban baƙo, aka ɗora kowa a kan nasa, aka yi ta ɗaukar hoto. Da taro ya watse, wani dattijo mai gyaran takalma, wanda cutar shan inna ta gurgunta tun yana yaro, ya yafito ni.

"Ɗana, wannan ai keken kan siminti ne. Lungunmu daga yashi sai kwata. Da an tambaye ni, da mai ƙafa uku zan ce, wanda ake murzawa da hannu, har in ɗaure akwatin aikina a baya."

Irin wanda yake nufi, guragu 'yan uwansa ne ke ƙera shi a Kano. Kafin damina ta wuce, keken da aka ba shi ya koma wurin shanya a tsakar gidansa. Hotonsa kuwa yana ta yawo a Facebook, ba wanda ya nemi izininsa.

Ba doka ce babu ba. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har da wa'adin shekara 5 na gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, aka kuma kafa musu hukuma a 2020. Amma doka ba ta leƙa ɗaki. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. Ni ma na san gidan da aka kulle mai taɓin hankali a ɗakin baya, uwarsa tana kuka tana cewa don kada yara su jefe shi ne. Ban yi shakkar ƙaunarta ba, amma ɗakin ko taga babu.

Daga baya kwamitinmu ya sauya salo. Ziyara ba ma sanarwa. In mun je, mukan nemi a bar mu da mutumin shi kaɗai, domin a gaban mai ciyar da shi ba abin da zai ce sai alhamdulillahi. Mata ne ke shiga wurin mata. Sunayen masu karɓa sai Sarkin Guragu da Sarkin Makafi sun duba, don su suka san wanda aka tsallake da wanda aka rubuta sau biyu. Hoto kuma sai mai fuskar ya yarda.

Ba kowane mai bayarwa ne ya ji daɗin haka ba. Wani ma da muka ce masa ban da hoto, sai ya kwashe buhunan shinkafarsa ya kai wata unguwa.