Bayan Tuba Fa, Sai Me?

Jama'a masu karatu, wannan watan ba hirar jarumi na kawo muku ba, ba kuma rahoton lokeshin ba. Edita ne ya ara mini filin nan don in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ku yi haƙuri da ni, maganar ta gidanmu ce.

Ni ɗan Amarawa ne, nan gab da Illela a Jihar Sakkwato. Daga ƙofar gidanmu zuwa Birnin Ƙwanni ta Nijar, ɗan kabu-kabu ba ya ƙona man kirki. Wanda ya san garin iyaka ya san yadda yake: direbobin manyan motoci, fataken dabbobi, 'yan canji, ga baƙin da kasuwar Illela ke tarawa duk ranar Lahadi. Inda kuwa baƙi da kuɗi suka haɗu, ba a rasa gidajen da ba su buɗewa sai bayan isha'i. Wasu su ce gidan gala, wasu su ce gidan dirama. Mata na rawa, maza na liƙi, abin da ke biyo baya kuma kowa ya sani. Da aka ƙaddamar da shari'a a jihohinmu a 2000, da yawa daga cikin masu wannan sana'a tsallaka iyaka kawai suka yi. Sana'ar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi.

Akwai wata yayata, ɗiyar wan mahaifina. Ba zan faɗi sunanta ba, Yaya nake ce mata, haka zan kira ta a nan. Ita ta goya ni. An yi mata aure tana shekara 15, auren ya mutu, aka sake wani, shi ma ya mutu. Ina firamare aka wayi gari babu ita. A gida aka ce ta shiga duniya, daga nan aka daina ambaton sunanta, kamar an shafe shi da ruwa.

Lokacin da nake karatun difloma a Sakkwato, wata rana muna zaune a majalisa wani ya miƙo waya, ana ta shewa. Bidiyon wata ce tana rawa a gidan gala, an liƙa mata kuɗi har a goshi. Kallo ɗaya na yi na gane ta. Wani ya ce, "Kai, an ce 'yar wajenku ce fa." Na ce ban san ta ba. Har da rantsuwa. Na kuma taya su dariya. Wallahi har yau idan na tuna, sai in ji abinci ya fita raina.

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakoki, harkoki suka tsaya cak a yankinmu. Sai ga korona a 2020, aka hana taruwa. A cikin wannan shekarar Yaya ta dawo, da magariba, da jaka ɗaya. Baffa ya ce ba dai gidansa ba. Innata ce ta share mata ɗakin da muke ajiye hatsi. Washegari ta durƙusa gaban manya tana kuka, ta nemi gafara, liman ya yi mata nasiha, aka shafa fatiha.

To masu karatu, ku da kuka san finafinanmu, ai kun san a nan ne ake rubuta "Alhamdulillahi" a fuskar talabijin, sunayen 'yan wasa su fara hawa. Mu kuwa a gidanmu a nan fim ɗin ya fara.

Dare na uku Yaya ta kasa barci. Gumi, hamma, hawaye da majina ba mura, ciwon gaɓoɓi kamar ana sassara ta, ga gudawa. Tana ta kai da komo a tsakar gida har asuba. Aka ce iskoki ne, aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Sai a rana ta biyar ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiya: tiramol ɗinta ne ya ƙare.

"Ƙanena, kai ba ka sani ba," in ji ta. "Rawa tun bayan lisha har asuba, kwana huɗu jere, ƙahwa ba ta ɗauka sai da ƙwaya. Ranar hwarko uwar ɗakinmu tam miƙo min guda, tac ce maganin gajiya na. Daga guda sai biyu. Daga baya ba don rawa nika sha ba, don in iya kallon mutane."

Daga nan na fara bincike, abin da ya kamata in yi tuntuni a matsayina na mai kiran kansa ɗan jarida. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa yana kai 200, har 225. Idan jiki ya saba aka yanke masa lokaci guda, abin da muka gani a tsakar gidanmu shi ke faruwa, idan kuma aka zarce kima yana kawo farfaɗiya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Kuna kuma tune da fim ɗin binciken da BBC ta saki kan kodin a 2018, wanda kwana ɗaya tak bayan fitarsa gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ku lura da kyau: fim ne ya yi wannan aikin.

Muka kai Yaya asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. Ta samu sauƙi sosai. Amma a wajenmu da an ce "an kai ta Kware" an gama magana, sunanta mahaukaciya. Ga tsohon suna, ga sabo.

Inna ta sayar da tunkiya ta ba ta jari, ta fara suyar awara a bakin titi. Nan ma wata jarabawar ce. Wasu matan suka hana 'ya'yansu saye. Wani direba zai tsaya, ya kira ta da sunanta na gala da ƙarfi don mutane su ji. Tsofaffin bidiyoyin nan ba su mutu ba, yau a wayar wannan, gobe a TikTok. Manema biyu suka fito: ɗaya danginsa suka hana, ɗayan kuma ashe ba aure ya kawo shi ba. Cinikin mako guda bai kai liƙin dare ɗaya ba, ita kuwa tsohuwar uwar ɗakinta ba ta fasa bugo waya ba. Sau biyu Yaya tana komawa ga ƙwaya. Karo na biyu ni na tsince ta a bayan ɗaki, na zazzage ta da faɗa, na ce ta ba mu kunya. Ta dube ni ba ta ce uffan ba.

Yanzu ku gaya mini, a wane fim ɗin Hausa kuka taɓa ganin wannan? Na kalli finafinai ba adadi saboda aikina, kuma na lura ƙarshen mace irin Yaya uku ne. Ko ta kwanta ciwo ta mutu tana cewa a yafe mata. Ko ta haukace tana tsince-tsince a bola. Ko kuma ta tuba, a sin na gaba wani Alhaji mai jibgegiyar mota ya aure ta. Ɗan ƙwaya kuma ɗan ban dariya ne: ya yi layi, ya ja murya, a yi dariya, malam ya yi masa wa'azin minti biyu ya zubar da kwalba. Ba na cewa babu masu ƙoƙari, akwai. Amma shekarun nan na bayan tuba, inda ainihin yaƙin yake, tsallake su ake yi.

A wasu ƙasashen, ƙananan masu shirya fim da ke cin gashin kansu, waɗanda ba su jiran kuɗin manyan kamfanoni, su suka fi riƙe irin wannan labarin. Mu fara da Indiya, tunda nan ne gidan kallonmu. A 2001 Madhur Bhandarkar ya yi Chandni Bar, inda Tabu ta fito a Mumtaz, yarinyar da rikici ya cinye iyayenta, kawunta ya kai ta Mumbai ya tura ta rawa a mashaya. Ta yi aure ta bar rawar, 'yan sanda suka kashe mijin, ta tsaya kai da fata sai 'ya'yanta biyu sun yi karatu. A ƙarshe talauci ya ja ɗiyarta zuwa dandalin da uwar ta gudo daga kai. Ba gwarzon da ya zo ceto. Fim ɗin ya ci kyaututtukan ƙasa huɗu, har da na gwarzuwar jaruma ga Tabu. A 2016 kuma aka yi Udta Punjab kan ƙwaya, da Shahid Kapoor da Alia Bhatt. Hukumar tace finafinai ta can ta nemi a yanke wurare 89, masu fim suka garzaya kotu, kotu ta ce wuri ɗaya kawai za a cire.

A Amurka akwai Sean Baker. A 2021 ya fitar da Red Rocket, labarin wani tsohon ɗan wasan finafinan batsa da ya dawo garinsu a jihar Texas aljihu wayam, ya roƙi matar da ya watsar ta bar shi ya riƙa kwana a kujera. Ita ma tsohuwar 'yar harkar ce, ga ta cikin ƙwaya. Ya shiga neman aiki, duk inda ya je a tambaye shi me ya yi a shekara 17 da suka wuce, da ya faɗa sai a sallame shi. Ya ɓuge da sayar da wiwi a kan keke. Baker bai wanke shi ba, ya nuna shi mayaudari ne mai neman jefa wata ƙaramar yarinya cikin ramin da ya fito. Ina gargaɗi, akwai tsiraici a ciki, ba na kallon iyali ba ne, kuma ba shi nake cewa mu kwaikwaya ba. Amma wurin neman aikin nan, wallahi Yaya na gani a bakin kaskonta. Kuɗin fim ɗin bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, abin da a Hollywood bai kai kuɗin cefane ba. Mutumin nan a 2015 da wayar iPhone ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine, a 2025 kuma Anora ya ci kyautar Oscar biyar.

Na san abin da furodusoshinmu za su ce, don na tambayi wasu. Za su ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a manta 2007 ba, lokacin da bidiyon sirrin wata jaruma ya bazu a wayoyi, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, aka kori wasu, aka ɗaure wasu, industiri ta durƙusa. Tun daga nan kowa ke kaffa-kaffa da duk labarin da ke da warin bariki. Za su kuma ce mai kallo soyayya yake so da waƙa.

Uzuri ne, amma bai gamsar da ni ba. Fim ɗin da nake nufi ba ya buƙatar a nuna ko rawa ɗaya. Ya fara daga magaribar da ta sauka daga mota da jakarta. Lokeshin ɗinsa ɗakin hatsi, bencin asibiti, bakin titi. Babu abin da hukumar tacewa za ta yanke a mace mai hijabi tana juya awara, hannunta na rawa, wayarta na ƙara tana ƙin ɗagawa. Kuma yau ba sai ɗan kasuwa ya yarda ya sayi fim ba, ga YouTube nan. Kullum 'yan fim na cewa faɗakarwa suke yi. To wa ya fi buƙatar faɗakarwa? Ita da ta riga ta tuba, ko mu da muke tsaye a bakin ƙofa mun hana ta shigowa? Malamai sun karantar da mu cewa ƙofar tuba a buɗe take. Tamu ƙofar ce ke da sakata.

Da na je gida hutun babbar salla, na tarar da Yaya a wajen sana'arta. Shekara biyu ke nan rabonta da ƙwaya, kuma ita da kanta take lissafin, wata-wata. Na zauna a benci na gaya mata ina son rubuta labarin fim a kan mace irinta. Daga nan, ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ba ta labarin majalisar nan ta Sakkwato, da rantsuwar da na yi cewa ban san ta ba.

Ta daɗe tana juya awara. Can ta ce, "Ko ni, lokacin nan, da an tambaye ni, cewa za ni yi ban san ta ba."

Ta tsame guda uku ta barbaɗa yaji ta miƙo mini. "Fim kuma, in za ku yi, ku yi. Amma kak ku kashe ni, kuma kak ku ba ni Alhaji. Ku bar ni nan bakin kaskona. Kawo ɗari biyu, ɗan boko, nan ba a cin bashi."

Na biya. Labarin yana nan na fara, shafi 11 zuwa yanzu. Duk daraktan da ke ganin zai iya, ya neme ni ta hannun Edita. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.