Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Yau ina so in ba ku labarin wata gardamar ƙwallo da ta kusa raba ni da aminina, wadda kuma mahaifina, mutumin da rabonsa da shiga filin wasa ya fi shekara ashirin, ya raba mana ita da lissafin kasuwa.

Duk wanda ya san Kongo-Rasha a nan Jos ya san cewa bayan sallar isha'i babu majalisar da ta kai ta teburin mai shayi cika. A nan muke taruwa, wasu sun fito daga gidan kallo, wasu sun taso daga kasuwa. Yawanci gardamar Firimiyar Ingila ake yi, amma a farkon shekarar 2017 sai magana ta dawo gida, saboda Plateau United, wadda ba ta daɗe da dawowa babban rukuni ba, ta fara kaka da ƙarfi a hannun sabon kocinta Kennedy Boboye, har ta ɗare saman tebur. A lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zuwa shagon Baba bayan an tashi.

Majalisar ta rabu biyu. Mu muna cewa bana kofi na Jos ne. Su kuma magoya bayan Kano Pillars, waɗanda suke da yawa a unguwarmu, suna cewa zafin farko ne kawai. Aminina shi ne babban bakinsu. Kullum sai ya tuna mana cewa Pillars ta ci kofi a 2008, ta kuma jera uku a 2012, 2013 da 2014, don haka su suka san yadda ake kai kaka ƙarshe. Hujjarsa ita ce lig ɗin Najeriya kulob 20 ne, wasa 38, kowa zaki ne a gidansa, saboda haka wanda ya iya tsinto maki a waje shi ke ɗaukar kofi. A ganinsa idan an fita waje sai a rufe baya, a cika tsakiya, a bar mutum ɗaya a gaba, a dawo da canjaras. Ni kuma na dage cewa tsoro ne wannan, gara a kai hari ko da za a sha kashi.

Da a nan maganar ta tsaya da babu komai. To amma wani dare da gardama ta yi zafi sai ya ce mini, "Kai har ka fi masu gari zaƙewa, a garin da ake ce maka baƙo." Jama'a suka yi dariya, ni kuwa abin ya soke ni. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Na tashi na bar shayina, muka yi kusan wata biyu ko gaisawa ba ma yi.

Baba ya lura. Wata rana muna jera kaya a shago ya tambaye ni, na kwashe duka na gaya masa. Na ɗauka faɗa zai yi mini kan ɓata lokaci, sai na ga ya yi murmushi. Ya ce lokacin yana yaro Mighty Jets ta Alhaji Isyaku Ibrahim ita ce ta ci lig ɗin ƙasa na farko a 1972, da su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo, kuma duk Jos ne suka yi murna, babu wanda ya tambayi wani daga ina kakansa ya zo. Ya ce, "Wannan maganar ta abokinka ka bar ta, ɓacin rai ne. Amma a maganar ƙwallo ya fi ka gaskiya, kuma ku duka biyun ba ku taɓo inda abin yake ba."

Na ce, "Ina ne, Baba?"

Ya nuna mini ƙofar sito. Ya ce lokacin da Kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, akwai waɗanda shagonsu ya fi nasa kyau da cika, amma duk abin da suka mallaka yana kan kanta. Shi kuwa yana da ɗan abin da ya ajiye a gida, da shi ya sake tashi. Ya ce, "Sha ɗayan da kuke gani a fili kayan kanta ne. Ka je ka dubo mini su wa ke benci. Ranar da aka buga wasa Lahadi a Uyo, aka kwana a mota, aka sake bugawa Laraba, mai tsaron baya ya ji rauni, ɗan gaba ya sami jan kati, ranar za ka san ko kuna da kulob."

Tun daga nan na canja yadda nake kallo. Na daina ƙirga ƙwallaye kawai, na koma duba wanda ake sakowa bayan hutun rabin lokaci, da yadda wasa ke kasancewa idan babu wanda muka saba gani. Kaka ta yi nisa, tazarar ta riƙa raguwa, MFM ta Legas ta biyo mu har wuya. Sai a wasan ƙarshe, ranar 9 ga Satumba 2017, aka ci Enugu Rangers 2-0 a filin Rwang Pam, Plateau United ta ɗauki kofin lig na farko a tarihinta. Tun 1972 rabon Jos da shi. A cikin cunkoson fitowa na ji an dafa kafaɗata, ina juyawa na ga aminina, muryarsa ta dishe saboda ihu. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Tare muka taka har gida.

Na je wa Baba da bugun ƙirji cewa ga shi mun kai ƙarshe. Ya ce in jira a fita Afirka. A 2018 Etoile du Sahel ta ci mu 4-2 a Tunisiya, muka rama 1-0 a Kano, amma bai isa ba. Abin dariya, a filin Sani Abacha na su Pillars muka karɓi baƙuncin wasan. Daga nan USM Alger ta Aljeriya ta ƙarasa fitar da mu. Baba bai ce komai ba, ya dai miƙo mini makullin sito ya ce in je in ƙirgo katan nawa suka rage.

Yanzu ni ke zama a shagon mafi yawan lokaci. Duk farkon kaka sai na ji ƙannenmu a teburin mai shayi sun naɗa zakara bayan wasa huɗu, ko sun kori koci bayan wasa uku, a Najeriya ne ko a Ingila. Ba na hana su, don mu ma mun yi. Tambaya ɗaya nake yi musu: idan wane ya ji rauni gobe, wa zai shiga? Yawanci sai a yi shiru, sannan a ci gaba da gardama.

Allah Ya zaunar mana da garinmu lafiya, Ya bar zumunci. Sai wani jiƙon.