Ranar Da Muka Je Majema



Mu 'yan aji biyu ne muka samu zuwa ziyarar gani da ido ta wannan zangon karatu, kuma ƙungiyar 'yan jarida ta ce mu rubuto abin da muka gani saboda waɗanda ba su je ba. Wurare uku muka je a cikin birnin Kano: Majema ta Ƙofar Wambai, da Kasuwar Kurmi, da Dutsen Dala. Amma kafin labarin tafiya, akwai wani laifi namu da ya kamata mu fara faɗa.

A ajinmu akwai wani yaro wanda jima ce sana'ar gidansu. Kullum in an tashi daga makaranta yakan je ya taya su aiki. Faratansa sun rine, wani lokaci kuma ana ɗan jin warin fata a jikinsa ko da ya yi wanka. Tun muna aji ɗaya muka laƙa masa suna Bagaruwa. In ya shigo aji sai a toshe hanci, in ya zauna a benci sai a matsa. Ba mu tuna wanda ya fara ba, amma dukanmu mun yi dariya. A hankali ya daina ɗaga hannu ko da ya san amsa. Mun nemi izininsa kafin mu yi wannan rubutu, ya ce mu rubuta amma kada mu sa sunansa.

Ranar da malamin tarihi ya ce Majema za mu fara zuwa, sai aji ya kaure da shewa, kowa na waiwayensa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ran tafiya can kujerar baya ya zauna a cikin bas, bai ce wa kowa uffan ba har muka isa.

Gaskiya tun kafin mu sauka wari ya tarbe mu. 'Yan mata suka ja hijabi suka rufe hanci, maza suka ja wuyan riga. Muka tarar da ramuka da manyan tukwane cike da ruwa iri-iri, wani fari, wani ruwan ƙasa, wani baƙi ƙirin. Ga fatu an shanya a kan igiya, wasu kuma an baza su a ƙasa. Wani dattijo mai furfura ya taso ya gaisa da Malam, ya dube mu ya yi murmushi ya ce, "Yara, ku buɗe hancinku, ba ya kisa. Ni a cikinsa na girma, ga ni nan da raina."

Shi ne ya zagaya da mu. Ya ce idan an kawo ɗanyar fata, ko wadda aka sa wa gishiri don kada ta ruɓe, sai a fara jiƙa ta a wanke. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan toka ta kwana biyu ko fiye, har gashin ya saki. Sai a ɗora ta a kan gungumen itace a kankare gashin da sauran tsokar da ta maƙale da wani ƙarfe mai mariƙi biyu da ake kira kartaji. Bayan haka a sa ta a ruwan kashin tantabara don ta yi laushi. Da muka ji haka muka ce "tir!" gaba ɗaya, shi kuwa dariya kawai ya yi.

Sannan ya kai mu wurin wani turmi da ake dakan wasu busassun 'ya'yan itace masu kama da carbi. Ya ɗebo ya miƙa mana ya ce, "Wa ya san wannan?" Muka yi tsit, muna kallon juna. Bagaruwa ce. Sunan da muka shekara muna kiran mutum da shi don wulaƙanci, ashe yawancinmu ko ganinta ba mu taɓa yi ba. Dattijon ya ce ita ce uwar sana'ar. Ruwanta ne ke shiga cikin fata ya hana ta ruɓewa har abada. In babu ita, fata ko dai ta bushe ta yi tauri kamar katako, ko ta jiƙe ta yi tsutsa. In an gama da bagaruwa sai a wanke, a shafa man gyaɗa, a ja ta a miƙar, a shanya. Masu rini kuma su sa mata launi: ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko da ake haɗawa da ƙarfe.

Muna cikin haka sai dattijon ya hango ɗan ajinmu yana laɓe a bayan Malama. Ya ce, "A'a! Kai ma kana nan ka yi shiru? Zo nan ka nuna wa abokanka." Ashe baffansa ne. Yaron ya ce, "Baffa, da kayan makaranta nake." Ya ce, "Naɗe hannun riga."

Ya naɗe, ya karɓi kartaji, ya sunkuya a kan gungume. Kafin mu ankara gashi yana ta zuba, fatar ta fito fara tas, ko ƙwarzane ɗaya babu. Sai wani daga cikinmu, wanda ya fi kowa iya tsokana, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, a ba shi. Aka ba shi. A ja na uku ya huda fatar, rami ya fito har yatsa biyu za su shige. Wuri ya yi shiru. Dattijon ya ɗaga ta sama muka ga rana ta cikin ramin, ya ce fatar da ta huje ta faɗi daga sahun farko, kuɗinta ya ragu ƙwarai. Malam ya sa hannu a aljihu zai biya, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Bar shi, Malam. Ɗana ma ya ɓata da yawa kafin ya iya. Amma yanzu da hannun nan nasa yake sayen littattafansa."

Daga nan muka taka zuwa Kasuwar Kurmi. Malam ya gaya mana Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ke nan ta haura shekara 500 tana ci. Lungunanta matsattsu ne, sai da muka jera ɗaya bayan ɗaya. A layin dukawa muka ga inda fatar nan take ƙarewa: takalma, da jakunkuna, da titimi, da kuben wuƙa, da gafaka ta sa Alƙur'ani, da kayan doki irin na hawan Sallah. A nan ba wanda ya toshe hanci. Har ɗaya daga cikin 'yan matan ta shinshina wata jar jaka ta ce ƙamshinta daɗi.

A bakin wata rumfa Malam ya tsayar da mu ya ba mu tarihi. Ya ce daga wannan kasuwa ayarin raƙuma ke ɗaukar fatu su bi ta Damagaram da Agadas, su ƙetare Sahara ta Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin Bahar Rum, tafiyar watanni. Larabawan da ke wannan fatauci sun zauna a Kano, kuma unguwar Dandalin Turawa daga gare su ta samo suna, domin a da Larabawa ake kira Turawa. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai takalman Kano da jemammun fatu har Arewacin Afirka. Fatar da ta fi daraja ita ce ta jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Mutanen Turai suna yin bangon littattafai masu tsada da safar hannu da ita. Amma da yake daga tashoshin Arewacin Afirka take isa gare su, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fatu suka koma bin jirgin ƙasa zuwa Ikko, ayarin raƙuma ya ja baya.

Maganar Maroko ta ba mu haushi. Muka ce yaya za a yi akuya tamu, bagaruwa tamu, aiki namu, suna kuma na wasu? Malama ta ce, "To ku da kuka san masu aikin, wane suna kuka ba su?" Ba wanda ya amsa.

A gefen kasuwar muka ga rafin Jakara. Malam ya ce jima ba ta yiwuwa sai da ruwa, kuma wannan rafi yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka zauna a nan tun farko. Yanzu an ɗaure shi da siminti ya koma kamar babbar kwata. Ruwan baƙi ne, ga leda da robar lemo. Ba za mu ɗora wa kowa laifi ba, domin a gabanmu biyu daga cikinmu suka jefa ledar ruwan da suka sha, sai da Malama ta tsawatar.

Bayan la'asar muka hau Dutsen Dala. Matattakalar ta ba mu wuya, wasu sai da suka huta sau biyu. A sama iska na kaɗawa, shirwa na shawagi kusa da kanmu. Muka hango Goron Dutse, da koren tulluwar babban masallacin Juma'a, da gidaje iya ganinmu. A nan ne Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda. Malam ya ce mu nemo itatuwa. Muka ga darbejiya jefi-jefi da ɗan dabino, amma ba mu hango bagaruwa ko ɗaya ba. Ɗan ajinmu ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, ai daga ƙauyuka ake kawo musu ita a buhu, kuma baffansa yana kukan ta yi tsada saboda ana sare itatuwan ana yin gawayi. Wannan ne karo na farko da muka ji ya yi doguwar magana a gaban aji.

Wata ta tambayi Malam game da fatun mesa da na guza da muka gani a Majema. Ya ce akuya kiwonta ake yi, tana haihuwa, amma naman daji in aka matsa masa ƙarewa yake yi. Ya ba mu misalin Kanada, inda wani kamfanin Ingila mai suna Hudson's Bay, da aka kafa a 1670, ya daɗe yana sayen fatun wata dabbar ruwa mai laushin gashi don a yi huluna a Turai, har dabbar ta kusa ƙarewa a wurare da yawa. Ya ce yanzu sun adana wasu tsofaffin sansanonin cinikin, ɗalibai na zuwa kallo. Muka ce to ai mu namu bai zama na kallo kawai ba tukuna, har yau aiki ake yi a cikinsa.

Da za mu sauko, wanda ya huda fatar ya je ya ba ɗan ajinmu hannu ya ce ya yi haƙuri. Sauranmu muka bi. Ya ce ba komai, amma bai yi dariya ba, kuma mun san dalili. Abin da aka shekara ana yi ba ya gogewa da yamma ɗaya. Ko a makon jiya mun ji wani ɗan aji uku ya kira shi da tsohon sunan.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, a daina tsokanar kowa da sana'ar gidansu, ko jima ce, ko fawa, ko ƙira, ko wanzanci. Duk mai sanye da takalmin fata ya san wani ne ya sha warin kafin ya kai ƙafarsa. Na biyu, idan Babbar Sallah ta zo, mu gaya wa masu fiɗa a gidajenmu su bi a hankali kada wuƙa ta huda fata, a kuma sa mata gishiri da wuri. Na uku, muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu wuri a bayan ajujuwa mu shuka bagaruwa idan damina ta faɗi. Baffan abokinmu ya ba mu iri cike da leda, kuma abokin namu ya ce sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro, shi zai nuna mana.

 

Daga wakilan ƙungiyar 'yan jarida na aji biyu.